Sha Huɗu da Baƙuwar Teku

Nicomedes Arrieta yana durƙushe a bayan firjin gidan Baldomero, kansa ya shige tsakanin bango da injin, ƙanin matarsa Casimiro kuma ya miƙe ƙafa a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro yana karanto masa waƙoƙin shekarar 1979 da ka. Babu wanda ya tambaye shi, kuma Casimiro bai taɓa jiran a tambaye shi ba. Tun yana yaro yake manna kunne a rediyo kowace Asabar, lokacin da ake jero waƙoƙi ashirin da suka fi tashe a nan bakin teku, kuma duk abin da ya shiga kansa a wancan zamani yana nan daram: wadda ta kai na ɗaya, wadda ta maƙale a na uku, wadda ta hau da gudu ta faɗo da ka. Ranar haihuwar 'ya'yansa kuwa sai matarsa ta tuna masa.

Ya sauko daga na ashirin a hankali, yana jan rai. Da ya iso inda yake so sai ya gyara murya irin ta masu gabatarwa.

"Na goma sha huɗu, Nicomedes Arrieta, da waƙarsa Kada Ki Rufe Taga. Ta shigo a na sha tara, ta taka zuwa na sha huɗu, ta zauna ta huta, ta koma gida."

"Miƙo mini sukundireba," in ji Nicomedes daga bayan firji.

"Ga shi, Sha Huɗu. Allah ya ƙara girma."

Sunan da ya bi shi ke nan fiye da shekara arba'in. Ba sunan ne ke ci masa rai ba, domin wasan ƙanin mata ba a fushi da shi. Abin da ke ci masa rai shi ne maganar da ya yi wa matarsa Edelmira tun suna saurayi da budurwa, a gaban uwarta da wannan Casimiro ɗin: ya buga ƙirji ya ce sai ya kai na ɗaya, sai duk birnin Barranquilla ya yi rawa da muryarsa, sannan zai zo ya ɗauke ta. Faifai ɗaya tak ya yi, ya tsaya a na sha huɗu. Edelmira ta aure shi a haka ba ta ce uffan ba, kuma rashin cewar tata ya fi masa ciwo. Ya rataye jita, ya koyi gyaran firji, suka ƙaura Maracaibo ta maƙwabciyar ƙasa suka yi rabin rayuwarsu a can, sai bara da zama ya gagara suka dawo. Har yau idan rediyo ta fara jero waƙoƙi sai ya tashi ya kashe ta, ya ce kansa ke ciwo.

Casimiro ne ya samo masa wannan aikin, saboda ranar Lahadi ce ta rawar titi, kuma firjin da za a sanyaya abin sha ya zaɓi wannan safiyar ya mutu. A tsakar gidan an riga an fito da pikon Baldomero, wato na'urar kiɗan titi da ake kira Baƙin Zakara: akwatunan lasifika jere sun fi tsayin ƙofa, an zana musu zakara mai jan ido yana taka kada. Baldomero ya gaje shi daga ubansa, marigayin da ake girmamawa da laƙabin Don Arístides, tare da faifan da ya fi gidan kansa daraja.

Kowa ya san yadda masu piko ke yi. In jirgi ya shigo, su ruga tasha su sayi faifan ƙasashen waje daga hannun ma'aikatan jirgi, buhu guda, sannan nan take, tun kafin su ji ko ɗaya, su zaro wuƙa su kankare takardar tsakiyar kowane faifai su yaga kwalinsa, don kada ɗan leƙen asirin wani piko ya karanta suna ya je ya nemo irinsa. Sai a gida a saurara, a raɗa wa waƙa sabon suna. A haka Don Arístides ya sami Baƙuwar Teku: muryar mace siririya mai zaƙi, cikin harshen da babu mai ji, a kan kiɗa mai sa gurgu ya nemi sandarsa. Babu piko na biyu da ke da ita. Duk shekara kafin bikin Karnabal rediyo kan sa a zaɓi gwanar tsofaffin waƙoƙin piko, kuma Baƙuwa ta ci na ɗaya har mutane sun daina ƙirga. Ko gidan rediyon sai Baldomero ya kai faifan da hannunsa, ya tsaya a kansa, ya dawo da abinsa. Wasu sun ce 'yar Kongo ce, wasu sun ce Haiti. Casimiro ya sha rantsuwa cewa ya taɓa ganin hotonta a hannun wani ma'aikacin jirgi, doguwa ce mai wushirya. Bana ma ita ta ci, shi ya sa ake rawar.

Casimiro ya duba rana ya ce shi zai tafi aski, ba zai tarbi Baƙuwa da wannan kan ba. Ya shawarci mijin yayarsa da ya daure ya tsaya yau ya ji yadda ake waƙa, ko da ya makara da koyo. Ya fita yana fito.

Gidan ya yi tsit. Baldomero, wani ƙaton mutum mai tafiya kamar yana tsoron farkar da jariri, ya leƙa titi, ya tura ƙyaure, ya shiga ɗaki ya fito da ƙaramin faifai naɗe cikin tsohon tawul. Ya sa sabuwar allura, yana so ya gwada ta. Ya rage sauti ƙasa ƙasa.

Da farko ƙafar Nicomedes ce ta fara motsi a bayan firji, ba da saninsa ba. Kiɗan ya yi masa daɗi, ya ce a ransa lallai Casimiro bai yi ƙarya ba wannan karon. Sai muryar matar ta shigo. Ta yi baiti ɗaya, ta ɗauki na biyu, sai ya ji leɓensa yana riga ta faɗin kalmomin. Ya ajiye sukundireba. Tsigar jikinsa ta tashi gaba ɗaya. Wannan harshen da babu mai ji, ai shi ya san inda ya ji shi: waƙar dakan shinkafa ce ta kakarsa Eufrasia, a ƙauyensu can saman kogi, kalmomin da ita ma ta gada daga tata kakar ba tare da ta san ma'anarsu ba.

Ya fito da rarrafe, ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi na ƙara.

"Don Baldomero, yanzu za a ji wani ƙaras, kamar ƙarfe ya taɓa ƙarfe."

"Awarwaronta," in ji Baldomero ba tare da ya juyo ba. "Kowa ya san wannan. Nan ne ake ɗaga hannu."

"Cokali ne. Mai ɗaukar sauti ne ya motsa kofinsa, muka ce a sake, ya ce babu lokaci."

Ƙaras ɗin ya zo ya wuce. Baldomero ya ɗaga allura, ya juyo ya dubi tsohon mai gyaran firji daga sama har ƙasa, kamar yadda ake duban wanda zafin rana ya taɓa.

Nicomedes ya yi masa bayani. Ranar da suka ɗauki Kada Ki Rufe Taga, kamfani ya ce sai an cika bayan faifan da wani abu, shi kuma ba shi da waƙa ta biyu, sai ya rera ta kakarsa a sanyaye, kamar ana lallashin jariri. Babu rediyon da ya taɓa juya faifan. Kuma wannan kamfanin, da yake waƙoƙin sun yi tsawo, ya buga ƙaramin faifan a gudun manya, na sannu, an rubuta hakan a takardar tsakiya. Takardar da Don Arístides ya kankare a tashar jirgi tun bai karanta ba. Ya zo gida, ya ga ƙaramin faifai, ya sa shi a gudun sauri kamar yadda ake sa kowane ƙarami, namiji ya koma mace, lallashi ya koma rawa. Yadda faifan garinmu ya shiga buhun ƙasar waje kuwa ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san ma'aikatan jirgi: in buhu bai cika ba, kasuwa suke shiga su cika shi da kwantai.

Baldomero ya ce ɗaya gefen ai duk ƙarzuwa ne, allura ba ta bi, tun zamanin ubansa. Nicomedes ya ce ba sai an juya ba, ga ɗan maɓallin gudu nan kusa da hannunsa, a tura shi kawai. Baldomero ya kai yatsa ya dawo da shi. Ya sake kaiwa.

"Tsaya," in ji Nicomedes. "Kada ka taɓa tukuna. Akwai wadda ya kamata ta ji."

Ya fita da man inji a hannu, ya tare bas. Bai taɓa ganin bas mai nawa irin wannan ba. Kowace kwana sai ta tsaya ta ɗauki wata tsohuwa da kaji. Ya sami Edelmira a rumfarta ta bakin kasuwa tana suyar wainar masara mai ƙwai, layi a gabanta. Ya ce ta taso. Ta ce ko gobara ake yi sai ta kwashe wannan kaskon. Ya tsaya yana taka ƙafa har ta kwashe, ta bar wa maƙwabciyarta rumfar, ta biyo shi da ɗankwalin suya a ka, tana mita duk hanya: in dai firjin mutane ya ƙone musu, ita ba ta da abin biya, ya sani. Shi kuwa sai murmushi yake yi shi kaɗai, abin da ya ƙara tayar mata da hankali.

Baldomero ya sa sakata. Ya ba ta kujerar da ƙaninta ya tashi a kai. Ya fara sa faifan yadda aka saba, Edelmira ta gyaɗa kai ta ce da daɗi, amma ba don wannan za a raba mutum da kaskonsa ba. Sai Baldomero ya yi alamar gicciye, ya tura maɓallin.

Kiɗan ya lafa kamar an sauke tukunya daga wuta. Matar ta nitse, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sai ga wani saurayi ya taso a madadinta, muryarsa mai kauri da taushi, yana jan kowace kalma ba gaggawa. Edelmira ta dafe ƙirji. Ta san wannan yaron. Shi ne mai tsayawa a tagar gidan uwarta da rigar aro, shi ne mai rera wa ɗansu na fari wannan waƙar a ɗakin haya na Maracaibo lokacin da zazzaɓi ya hana shi barci. Ta yi kewarsa ba ta sani ba. Hawaye suka zubo mata, ta share da bakin ɗankwali, sai kuma dariya ta kama ta, ta riƙe ciki.

"Nico, kai ne doguwa mai wushirya?"

"Ni ne."

"Duk shekarun nan kai ne na ɗaya, muna can muna gyaran firji?"

Ya zauna a kan akwatin lemo ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin mai. Daɗi ne ya cika shi har ya ji tsoro.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Baldomero. Ya naɗe faifan cikin tawul a hankali kamar mai shirya gawa. Ya ce ubansa ya mutu yana alfahari da wannan matar, ya ce akwai pikon da ya taɓa tura mutum har ƙasashen waje neman irinta ya dawo hannu biyu, ya ce in magana ta fita, gobe Baƙin Zakara ya zama abin dariyar bakin teku: gidan da ya shekara arba'in yana sa faifai a gudun da ba nasa ba. Amma shi ba ɓarawo ba ne. Murya ta Don Nicomedes ce. Ya ce da yamma kafin a sa Baƙuwa zai miƙa masa makirufo a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya ga dama, shi kuma zai tura maɓalli kowa ya ji. Ya faɗi haka ne yana kallon ƙasa.

Nicomedes ya dubi matarsa don ta ce wani abu. Ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Ni dai na ji da kunnena," ta ce. "Je ka ƙarasa wa mutane firjinsu."

Ya ƙarasa. Ashe waya ɗaya ce ta kwance. Yana ɗaurawa yana shirya jawabi a ransa, kuma kowane jawabi da sunan Casimiro yake farawa. Ya hango fuskarsa sarai, sabon aski, baki buɗe. Shekara arba'in na Sha Huɗu za su biya kansu a yini ɗaya.

Da rana ta karkata titi ya cika. An tare bakinsa da igiya, an kafa tukwanen romon kaza da rogo, Baƙin Zakara yana ruri har gilasan tagogi na amsawa. Edelmira ta koma gida ta dawo da rigarta ruwan ɗorawa wadda ba ta sawa sai bikin aure, ta kawo wa mijinta farar riga. Masu tambayar dalilin kwalliyar ta ce musu haka kawai ta ga dama.

Can sai Baldomero ya rage kiɗa. Ya ce kafin sarauniya ta fito, Don Nicomedes Arrieta yana da magana. Ya miƙa masa makirufo.

"Sha Huɗu zai yi waƙa, a riƙe yara," in ji wani daga baya, aka kwashe da dariya.

Nicomedes ya hau ɗan dandamalin ya dubi titi. Bai zaci zai gansu ɗaya ɗaya haka ba. Ga tsofaffin mata sun shafa jan baki, sun cire takalma sun riƙe a hannu suna jira. Ga wani mai keken guragu an turo shi gaba. Ga miji da mata sun riga sun riƙe juna tun ba a sa faifan ba. Ga Casimiro a sahun farko, farin wando, farin takalmi, hannu a ƙirji, idonsa ya riga ya kawo ruwa. Da wannan waƙar ya nemi matarsa, da ita aka raka abokinsa kabari. Kowanensu ya zo da tasa matar a ka, 'yar Kongo, 'yar Haiti, mai wushirya, mai awarwaro. Nicomedes ya gane cewa in ya buɗe baki duk za su mutu a lokaci ɗaya, a bar mutane da tsoho mai ciwon gwiwa da cokalin kofi. Kuma ba tsohon suka zaɓa na ɗaya ba, ita suka zaɓa. Ya nemi Edelmira cikin taron. Tana tsaye kusa da tukunyar romo, tana kallonsa kamar yadda take kallonsa ta taga a da, kuma ita ce dama aka yi wa alkawarin.

Ya busa makirufo sau biyu.

"Jama'a, firji ya gyaru, abin sha ya yi sanyi. A sa mana Baƙuwa."

Aka yi ta tafi, an ɗauka raha ce. Baldomero ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya sunkuya ya sumbaci baƙin hannun tsohon a gaban kowa, abin da aka yi ta mamakinsa, domin ba a taɓa ganin an gode wa mai gyaran firji haka ba. Ya sauke allura a gudun da ubansa ya bar masa.

Titi ya ɗauka. Nicomedes ya sauko ya kama hannun matarsa, suka shiga tsakiya, shi da bai taka rawa ba tun kafin furfura. Gwiwar ta yi ƙorafi ya ƙyale ta. Edelmira ta kawo baki kusa da kunnensa ta ce ya cika alkawari, sai dai ya makara ƙwarai, kuma da muryar mata ya cika shi. Ya ce ai ba a faɗi da wace murya ba. Da ƙaras ɗin cokali ya zo, hannuwa suka tashi sama daga wannan bakin titi zuwa wancan, ya ɗaga nasa tare da su.

Casimiro ya matso yana rawa, fuska sharkaf da hawaye, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka ji murya, mijin Yaya? Wannan ita ce waƙa. Da Allah ya ba ka ko rabin wannan, da ka leƙa na goma."

"Tana da tsawo sosai a hoton?"

"Ta fi ka nesa ba kusa ba. Yaya, me kike wa dariya?"

Edelmira ta cusa fuska a ƙirjin mijinta, kafaɗunta na girgiza, ta ce barkonon romo ne ya shiga mata ido. Baƙuwa ta ɗauki baiti na ƙarshe, Nicomedes bai san lokacin da ya fara bin ta ba, ƙasa ƙasa, da muryarsa ta tsufa, kalma bayan kalma kamar yadda kaka Eufrasia ke yi a bakin turmi. Casimiro ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe.

"Don Allah yi shiru, Sha Huɗu, kada ka ɓata mana waƙa."

Nicomedes ya ce to, ya yi shiru, ya ci gaba da rawarsa.